Launin alli a gidan wasan ful: amsa ga ƙanena

Assalamu alaikum, ƙanena. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso. Ka ce a hoton da na sa, ni da abokaina a gidan wasa, ka lura da 'yan dunƙulen alli a jere a gefen teburi, duk shuɗaye, alhali ka ji ana sayar da ja da baƙi da ruwan goro. Kana tambaya ko launi yana ƙara wa sanda kamu, kuma in zan aiko maka, me zai hana in zaɓo maka ja tunda shi ranka ya fi so. Na ji daɗin tambayar ƙwarai, domin a shekara 14 da na yi a Shikago, ba abin da ya taɓa kunyata ni a bakin teburi kamar wannan ɗan dunƙulen da bai fi kan babban yatsa ba.

Wasan da yawancinmu muka taso muna kira sinuka, mai ƙwallo 15 masu lamba da fara ɗaya, a nan sunansa ful. Sinuka ta ainihi daban ce: teburinta ƙafa 12, ƙwallonta 22, kuma Ingila ce cibiyarta. Teburin ful na gasa ƙafa 9 ne, na ƙananan wurare ƙafa 7. Na kawo wannan ne domin ko a launin alli wasannin biyu kowa da al'adarsa. 'Yan ful shuɗi suka saba da shi, 'yan sinuka kore.

Allin kuma suna kawai ya tara da na makaranta. Garin silika ne, wato dangin yashi mai laushi, aka haɗa da wani sinadari mai kaushi irin wanda ake yin takardar goge katako da shi, aka zuba rini, aka matse. A garin nan da nake zaune aka ƙirƙiro shi. Wani gwanin wasa, William Spinks, da wani masanin sinadarai, William Hoskins, su suka yi masa rajista a 1897. Har yau kamfanin Tweeten da ke Shikago shi ke yin Master, allin da za ka tarar a kusan kowane gidan wasa a Amurka, shi ne kuma ke yin Triangle wanda 'yan sinuka suka daɗe suna riƙe da shi. Aikinsa ɗaya ne. A bakin sanda akwai 'yar fata, wadda ake danganta ƙirƙirarta ga wani sojan Faransa, François Mingaud, a farkon ƙarni na 19. Fata da ƙwallo duka masu santsi ne, in ka bugi farar ƙwallo a gefe ko a ƙasa don ta murɗa, sanda sai ta zame, ka ji wata 'yar ƙara mara daɗi, ƙwallo ta tafi inda ba ka aike ta ba. Kaushin alli ne ke riƙe fatar a jikin ƙwallo a wannan ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

To ka ga kamu daga kaushi yake zuwa, rini kuwa ado ne. Akwai tsofaffin 'yan wasa a nan da za su rantse maka cewa shuɗin Master ya fi sauran launukansa manne wa fata, kuma ba na musu da dattijo a kan abin da hannunsa ya saba da shi. Ni dai na gwada shuɗi da kore da ruwan ƙasa da ja, duk na kamfani ɗaya, ban ji bambanci a bugu ba. Inda na ji bambanci shi ne tsakanin kamfani da kamfani, da tsakanin busasshen alli da wanda ya sha danshi.

Amma fa alli ba ya tsayawa a bakin sanda. Duk bugun da ka yi, ɗan gari yana tashi. Wani ya sauka a kan yadin teburi daidai inda ka buga, wani ya manne a jikin farar ƙwallo ta ɗauke shi ta zaga da shi, ta shafa wa sauran ƙwallaye, ta shafa wa robar gefe. Wani ya hau hannun da ka kafa a teburi, daga nan sanda ta kwashe shi tana kai da kawowa tsakanin yatsunka, har farin katakon ya fara rinewa. Duba sandar duk wanda ya daɗe yana wasa da shuɗi, za ka ga gabanta ya yi dishi-dishin shuɗi, farin zoben da ke ƙarƙashin fatar ma ya canza kama. Wannan garin ba makawa sai ya zuba, ko wane launi ka ɗauka. Abin da launi ke yankewa shi ne ko za a gan shi ko ba za a gan shi ba. Shuɗi a kan koren yadi yana sajewa, da ƙyar ido ke kama shi. Ja a kan kore kuwa kamar an ɗiga jini a kan ganye.

Da idona na ga haka, kuma hannuna ne ya yi. Shekarata ta biyu a nan, na sayi sandata ta farko, mai shagon ya haɗa mini da jan alli guda biyu kyauta. Ranar Asabar na tafi da su gidan da muke wasa, cike da murna. Mun yi kamar awa ɗaya, sai mai gidan ya zo, wani dattijo mai farin gashi wanda ba ya yawan magana. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in sunkuyo in kalli teburin ta gefe, ta inda hasken fitila ke kwantawa a kan yadi. Da na sunkuya sai na ga ɗigo-ɗigon ja tun daga inda ake fasa ƙwallaye, da dogayen layuka inda na yi bugun ƙasa, da sawun yatsuna huɗu a wurare da yawa. Ya ɗauko farar ƙwallo ya juya ta a tafin hannunsa, duk ta yi tabo. Sai ya ce makon da ya wuce aka shimfiɗa yadin. Ya miƙo mini shuɗin alli, ya koma wurinsa. Bayan mun tashi na hango shi da buroshi da ɗanyen tsumma yana bin teburin a hankali, kusurwa zuwa kusurwa. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Wata biyu bayan nan, in haske ya faɗi daidai, ina iya nuna maka inda na tsaya a ranar.

Sai daga baya na san darajar abin da na ɓata. Yadin teburin gasa na ulu ne, saƙa mai matsi, kuma wanda aka fi yabo na kamfanin Simonis ne da ke garin Verviers a Beljiyam, kamfanin da ke saƙa tun 1680. Ba a shimfiɗa shi sai da gwani, sai an cire gefunan teburi an ja shi an ɗaure. Mai gidan wasa yakan daɗe yana tara kuɗin wannan aiki. Rini in ya shiga cikin zaren ulu, buroshi yana rage shi ne kawai.

Ƙa'idar da kowa ke bi a nan mai sauƙi ce: alli ya bi launin yadi. Koren yadi, shuɗi ko kore. Shuɗin yadi, wanda ya yi yawa yanzu saboda manyan gasanni da dama sun koma gare shi don ya fi fitowa a talabijin, shuɗi. Wanda ya sa teburi a gidansa da jan yadi ko ruwan ƙasa ko ruwan toka, shi ne aka yi wa waɗannan launukan, shi ya sa kamfani irin Silver Cup ke fitar da su iri-iri. Kuma abin yana juyawa. Shuɗin allin da ake so a ko'ina, in ka kai shi kan ruwan ƙasa ko jan yadi, ɓarnarsa ba ta gaza ta jan da na kai kan kore ba. Saboda haka in wani ya gayyace ka gidansa, ka bar naka a aljihu ka ɗauki wanda ya ajiye. In ma akwai saura a fatar sandarka, ka goge kafin ka fara.

Mu da muke haɗuwa, ba mu fi mutum goma ba, daga mai tuƙa tasi sai ma'aikacin asibiti sai ɗalibi. Ba caca muke ba, kuma mun zaɓi gidan da wasan kawai ake yi. Duk sabon zuwan da ya biyo mu, kafin a koya masa riƙon sanda ana koya masa riƙon alli. Wani zai ga kamar mun cika tsanani, amma muna da dalili. A wurin nan ba a san sunayenmu ɗaya-ɗaya ba, a dunƙule ake kallonmu, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. In ɗayanmu ya bar teburi kaca-kaca, gobe cewa za a yi mutanen nan ne. Yau dattijon nan in ya hango mu yana ajiye mana teburin da ya fi kyau, kuma da waɗannan ƙananan abubuwan muka samu hakan.

Abin da muke fara gaya wa sabon zuwa shi ne yadda ake ajiye alli. Dunƙulen a naɗe yake da takarda, fuska ɗaya ce a buɗe, mai ɗan rami. In ka gama, buɗaɗɗiyar fuskar ta kalli sama. Wanda ya kifa ta a kan katakon gefe ya bar zoben gari a wurin, na bayansa ya jingina, ya tashi da tabo a riga, ko ya kwashe da hannu ya kai kan yadi. Da wannan kaɗai ake gane wanda ya san wuri. Sannan ba a shafa alli a saman teburi, ja da baya ake yi garin ya zuba a ƙasa. Shafawar ma a hankali ake yi, kamar mai sa kwalli, ana ɗan juya sanda ana duba fatar ko ta rufu. Masu murza sanda a cikin alli kamar suna haƙa rijiya, su ke zurfafa ramin har ya riƙa cin farin zoben, ya bar fatar ba komai. Kuma kada ka buga sanda a jikin teburi don kaɗe gari.

Akwai na tsakaninka da abokin wasa. In ya sunkuya zai buga, ba ka miƙa hannu ka ɗauki alli a gabansa, ba ka tsaya kana shafawa yana jin ƙara. Ana ɗaukar wannan a matsayin neman raba masa hankali da gangan, ko da ba nufinka ke nan ba. Allin gida na kowa ne, ba a tafiya da shi kujera, balle aljihu. Wanda mutum ya zo da shi kuwa nasa ne, sai ka tambaya. A gasa abin har ya shiga doka: in ka ajiye alli a gefe don ya zame maka alamar saiti, laifi ne, haka in ya suɓuce daga hannunka ya taɓa ƙwallo.

Maganar allin mutum na kansa ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan, tun da masu tsada suka shigo, irin Kamui na Japan da Taom na ƙasar Finland, waɗanda ɗaya ya fi kwalin Master mai guda 12 kuɗi. Abin da ya ja mutane gare su, musamman Taom, shi ne ƙarancin gari. Wani lokaci tabon alli a jikin farar ƙwallo yakan faɗo daidai inda za ta haɗu da wata, sai su ɗan manne, ƙwallon da ka saita daidai ta kauce wa rami. Ƙwararrun 'yan sinuka sun sha kuka da wannan, shi ya sa za ka ga suna tsayar da wasa alƙali ya goge farar ƙwallo, kuma da yawansu sun koma Taom saboda haka. A nan ma launi yana da ɗan amfani ta wata fuska: tabon da ido ya gani ana goge shi da wuri. Farin alli ko ruwan toka mai haske ba ya nunawa a jikin farar ƙwallo, amma garin yana nan. Ni har yanzu Master nake riƙewa, shuɗi, a 'yar jakar fata a ƙugu. Ga irin wasanmu ya wadatar.

Kada kuma ka haɗa shi da farar hodar hannu da wasu ke shafawa don sanda ta yi sulɓi. Ita tata ɓarnar ta fi yawa, gidajen wasa da dama sun hana ta, mutane sun koma safar hannu mai yatsa uku.

Saboda haka, ƙanena, ja ba zai ƙara maka ko ƙwallo ɗaya ba, kuma ba zan aiko shi ba sai in yadin da kuke wasa a kai ja ne. Ka ɗauko mini hoton teburin da rana, ba a ƙarƙashin fitila ba, domin hasken fitila yana iya sauya kamannin launi. In teburin ba naka ba ne, ka tambayi mai shi wane launi yake so. Sai in haɗo maka kwali guda da buroshi mai laushi, kuma in ka tashi sharewa ka riƙa bin yadin ta fuska ɗaya, daga kai zuwa ƙarshe. Ka gaida mutanen gida.