Shuka Tumatir da Attarugu a Bokiti: Amsa ga Mai Farawa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce gidan haya kike, tsakar gidan duk siminti ne, kina son ki shuka tumatir da attarugu a bokiti, amma da sun tsiro sai su yi rawaya su mutu. Kina tambayar daga ina za ki fara, da kuma abin da ke kashe su.

Abin da ke kashe shukar bokiti yawanci a saiwa yake. Shukar gona in ta ji ƙishi sai saiwarta ta nutsa ta nemo danshi, in ruwa ya yi yawa ya gangara ya wuce. Ta bokiti ba ta da wannan damar, abin da kika zuba mata shi kaɗai take da shi. Don haka kafin ki sayi iri, ki gyara mazubi da ƙasa.

Ki nemi bokitin fenti mai lita 20, ko jarkar man gyaɗa mai lita 25 a yanke samanta. Buhun shinkafa ma yana yi idan aka naɗe bakinsa ya dawo rabi, sai dai rana na cinye shi cikin 'yan watanni. Gwangwanin madara da ƙananan robobi na renon iri ne kawai. Tushe ɗaya a bokiti ɗaya, kada ki ji tausayin tsiro ki bar uku, dukansu za su tsumbure. Duk mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko baƙin mai ki bar shi, ko an wanke. Ki ɗora ƙusa a wuta ki huda gindin bokitin wuri 6 zuwa 8, ki ƙara huɗu a gefe kamar yatsu biyu daga ƙasa. Sannan ki ɗora shi kan bulo biyu ko duwatsu. Idan ya zauna daɓas a kan siminti ramukan na toshewa, kuma zafin simintin da rana na shiga kai tsaye ya dafa saiwar.

Ƙasa ita ce inda aka fi yin kuskure. Mutum zai ɗebo jar ƙasar gini ko laka ta bakin kwata ya cika bokiti. Da an ba ta ruwa sau uku sai ta danƙare, iska ba ta shiga, saiwa ta ruɓe, ganyen ƙasa ya fara rawaya. Mai shuka kuma ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Haɗin da ke aiki: kwano biyu na ƙasar gona mai sauƙi irin ta jigawa, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kwano ɗaya na ɓuntun shinkafa. In an ɗan babbaka ɓuntun ya yi baƙi bai zama toka ba, ya fi kyau. In babu ɓuntu ki sa yashi mai tsakuwa-tsakuwa. Ki gwada haɗin: ki jiƙa shi kaɗan ki dunƙula a hannu. Idan ya dunƙule kuma ya wargaje da kin taɓa shi da yatsa, ya yi. Idan ya tsaya kamar curin fura, laka ta yi yawa, ki ƙara ɓuntu.

Takin kuwa dole ya zama wanda ya ruɓe ya huce, ya yi baƙi, ba ya wari, ba ya ɗumi in kin tura hannu. Kashin awaki ko na shanu da ya kwana wata biyu zuwa uku a jiƙe shi ake so. Sabon kashin kaji yana ƙone saiwa cikin kwanaki. Kuma kada ki ɗebo ƙasa daga inda aka yi ta noman tumatir, gauta ko kuɓewa, domin a nan ake kwaso tsutsar da ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli shuka ta ƙi girma. Idan kina shakkar ƙasar, ki jiƙa ta, ki baza, ki rufe da farar leda a rana mai zafi na mako huɗu zuwa shida.

Iri ki saya na fakiti a shagon kayan noma, ki duba kwanan watan lalacewarsa. Ga bokiti, tumatir mai gajeren tsayi kamar UC82B ko Roma VF ya fi sauƙin sha'ani. 'Ya'yan tumatirin miya na tsirowa, amma in daga irin aure suka fito, wato wanda aka haɗa iri biyu aka samar, ba lallai su haifi abin da kika gani a kasuwa ba. Ki yi reno a faranti ko tsohuwar roba mai huji, zurfin iri bai wuce rabin santimita ba, a inuwa mai haske. Tumatir na fitowa cikin kwana 5 zuwa 8. Attarugu mai jinkirin fitowa ne, yana iya kai mako biyu ko uku, kada ki zubar da shi ki ce ya mutu. Ki rufe renon da tsohon gidan sauro, saboda ƙadangaru da kaji na iya share shi a wuni ɗaya. Tumatir a dasa shi bayan mako uku zuwa huɗu, attarugu bayan mako biyar zuwa shida, da yamma, da ƙasarsa a jikin saiwa. Tumatir ki binne shi har kusa da ganyen farko, domin karansa na fitar da sabuwar saiwa. Attarugu ki bar shi daidai zurfin da yake a reno. Ki kafa sandar da za ki ɗaure tumatir tun ranar dashe, in kika bari ya girma sandar za ta tsinka saiwa.

Lokaci ma yana da muhimmanci, kuma da yawa ba sa lura. Tumatir na son sanyin dare. A Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi, mafi alheri ki yi reno a Oktoba ko Nuwamba, ya yi fure cikin hunturu. Wanda ya shiga fure a bazara, daga Maris zuwa Mayu, za ki gan shi kore shar amma furen na kakkaɓewa, saboda idan zafin rana ya haura digiri 35 barbarar furen ba ta kamawa. Babu takin da ke gyara wannan. Attarugu ya fi jurewa, kuma yana yi da damina in ruwa na fita daga bokitin. Dukansu suna buƙatar rana ta awa shida a ƙalla, ta safe zuwa azahar ta fi. Da zafi ki naɗe bokitin da buhun algarara ko kwali, musamman in baƙi ne, ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa.

Ban ruwa ba da agogo ake yi ba, da yatsa ake yi. Ki tura yatsa har gaɓa ta biyu. In da danshi ki ƙyale, in ya bushe ki zuba a hankali a gindi, ba a kan ganye ba, har ki ga ya fara ɗiga ta ƙasa. Ƙaramin dashe da hunturu na iya yin kwana biyu bai nema ba. Babban tushe mai 'ya'ya da zafi zai sha lita biyu ko fiye a rana, wani lokaci safe da yamma. Yayyafi kaɗan-kaɗan a sama ba ya kai wa ga saiwa. Idan kin ga gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, ba ƙwaro ba ne, kada ki sayi magani. Yau bushewa gobe ambaliya ne ke hana sinadarin kalsiyam isa ga ɗan, kuma shi ne ke sa 'ya'ya tsagewa. Ki daidaita ban ruwa, na gaba za su fito lafiya. Ruwan wanki mai omo kuma kada ya kusance su.

Mako biyu bayan dashe ki sa takin zamani NPK 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, wato kamar giram 5 zuwa 6. Ki binne shi a gefen bokiti nesa da kara, ki ba da ruwa nan take. Ki maimaita duk mako uku, tunda ban ruwa na wanke abincin bokiti. Yuriya ki yi nesa da ita in ba ganye ya koɗe sosai ba, tana sa ganye ya yi yabanya fure ya ƙi zuwa. In kin ga fari-fari kamar kanwa a saman ƙasa kuma bakin ganye na ƙonewa, taki ya yi yawa. Ki kwarara ruwa mai yawa ya wanke, ki tsallake zagaye ɗaya.

Ki saba ɗaga ganye kina duba bayansa, a nan ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye, darɓa da farar ƙuda, ke ɓuya. Farar ƙuda ce ke kawo cutar da ke sa ganye ya nannaɗe ya ƙanƙance, kuma tushen da ya kamu ba ya warkewa, ki tuge shi ki fitar. Sai tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Kano da Kaduna a 2016. Alamarta fararen tabo masu faɗi a cikin ganye kamar an kankare shi daga ciki. Ga mai bokiti biyar ko goma, hannu ya fi feshi: ki tsinke ganyen da ya kamu ki ƙone. Don kariya ki daka 'ya'yan darbejiya busassu kamar giram 50, ki jiƙa a lita ɗaya ta ruwa su kwana, ki tace, ki ɗiga sabulun ruwa kaɗan, ki fesa da yamma sama da ƙasan ganye duk mako. In an fesa da tsakar rana ganye na ƙonewa.

Idan tushe ya yanƙwane gaba ɗaya yana kore kuma ƙasarsa da danshi, ki yanko karan ki tsoma bakinsa a ruwa cikin kofin gilashi. In wani farin zare kamar madara ya gangaro, cutar yanƙwanewa ce ta cikin ƙasa. Ki zubar da tushen da ƙasarsa nesa, ki wanke bokitin da ruwan bilic kafin ki sake amfani da shi.

Ki fara da bokiti huɗu, biyu tumatir biyu attarugu. Tumatir zai fara nuna kamar wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe, attarugu kusan wata uku. Tumatir in ya gama ba da 'ya'ya ki tuge shi, amma attarugu ki rage masa rassa, ki kwashe ƙasar sama ki maye da sabon taki, zai sake toho ya ba ki wani zagayen. Allah ya sa albarka.