Da gaske ana biyan mutum don ya yi barci?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni maigadi ne a wani gida a Ikoyi, ina zaune a Obalende, shekarata tara a Legas. Wani abokina ya nuna mini a waya cewa a ƙasar waje ana biyan mutum miliyoyi don kawai ya kwanta ya yi barci likitoci na kallonsa, har ya ce akwai wanda zai yi mana hanya in mun biya kuɗin fom. Ni kuwa in dai barci ne Allah Ya hore mini, ko a kan benci ko a cikin danfo, minti biyu na tafi. Gaskiya ne? Akwai irinsa a nan Legas? Sannan ƙanwata ta gama makarantar nas, tana tambaya ko ana samun aiki a irin wannan wuri.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, bar kuɗinka a aljihu. Bincike na gaskiya ba a sayen fom ɗinsa. Mai binciken ne ke neman mutane, shi ke biyan kuɗin gwajin jininsu, shi ke ba su na mota. Wanda ya ce ka kawo wani abu ya yi maka hanya ɗan damfara ne, kai da ka shekara tara a Ikko ba sai an kwatanta maka irinsu ba.

Amma abin da abokinka ya gani yana da tushe. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi wani bincike a Galveston ta jihar Texas, inda mutane suka yi kwana 70 a kan gado aka biya su kusan dala 18,000. A 2019 an yi makamancinsa a birnin Kolon na Jamus, kwana 60 a kwance, aka ba kowa Yuro 16,500. Lokaci-lokaci labarin yakan sake zagayowa a wayoyi, an yi masa kwalliya, wai a biya ka ka yi barci. Alhali ba barci ake aunawa a can ba. So ake a ga yadda ƙashi da tsoka da gudun jini ke raunana idan jiki ya daina ɗaukar nauyin kansa, kamar yadda ke faruwa ga 'yan sama jannati. Karkata gadon ake yi da digiri 6, kai a ƙasa ƙafafu a sama, jini ya taru a fuska, kwanakin farko mutum ya sha ciwon kai da ciwon baya. A kwance zai ci abinci, a kwance zai yi wanka, a kwance zai biya buƙatarsa. Barcin rana ma hana shi ake yi. Ranar da aka ce ya tashi kuwa ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, sai an yi kamar mako biyu ana farfaɗo da jikin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Binciken barci na ainihi ma akwai shi, kuma ana biya. Ɗaya daga cikin sanannun wuraren shi ne asibitin Brigham and Women's da ke Boston, ƙarƙashin jami'ar Harvard. Akwai ɗakuna a can da babu taga, babu agogo, babu waya, fitilar ma dishi-dishi. Ma'aikatan da ke shigowa ba sa cewa ina kwana ko ina wuni, don kada mutum ya gane dare ne ko rana. Sai a mayar masa da yininsa awa 28, a bar allura a jijiyar hannunsa ana ɗibar jini a kai a kai, ga ma'aunin zafin jiki a dubura. Wani matakin kuma a hana shi barci kusan awa 40 yana jingine a gado, wani na zaune kusa da shi, da ya fara gyangyaɗi a kira sunansa. Da wannan wahalar ce Charles Czeisler da abokan aikinsa suka nuna a 1999 cewa agogon jikin ɗan Adam yana zagayowa a kusan awa 24 da minti 11. Dabarar tsohuwa ce: tun 1938 Nathaniel Kleitman ya shiga kogon Mammoth a jihar Kentucky shi da ɗalibinsa, suka yi kwana 32 suna gwada yini mai awa 28 a kan kansu.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai game da irin wannan ɗaki shi ne salla. Ba ka ganin rana, an ɓoye maka lokaci da gangan, to yaushe ne Azahar, yaushe ne Isha? Musulmin da ya samu kansa a gaban irin wannan takarda, ya fara zuwa wurin malaminsa kafin ya sa hannu.

Ko da an kawo irin wannan ɗaki Obalende, Malam, kai ne na farko da za a sallama. Mai binciken agogon jiki lafiyayye yake nema, wanda ke kwanciya da tashi a kan lokaci guda. Mai aikin dare ba a ɗaukarsa, haka wanda ya sauka daga doguwar tafiyar jirgi kwanan nan. Makonni kafin a shiga za a ɗaura wa mutum wani abu kamar agogo a hannu mai lura da motsinsa, a hana shi shayi da kofi da sigari da goro (goro ma akwai sinadarin kafeyin mai hana barci a cikinsa), a gwada fitsari a tabbatar. Shi ya sa mazauna garin suke ɗauka. Babu mai aiko wa mutumin Legas biza da tikiti don ya je ya kwanta.

A nan gida lamarin a juye yake. Akwai ɗakunan gwajin barci a Legas, ba su da yawa, kuma mai barcin ne ke biya, kuɗi masu kauri, domin marar lafiya ne ya zo a gano abin da ke damunsa. Wanda ake biya shi ne wanda ya kwana ido biyu yana kallon kwamfuta. Binciken da jami'o'inmu suka fi yi a kan barci na tambayoyi ne a takarda, kamar ma'aunin Epworth mai tambaya takwas, inda ake tambayar mutum yadda gyangyaɗi ke kama shi yana zaune, ko a mota, ko bayan cin abincin rana. An yi irinsa a kan direbobin motocin haya na Legas. Abin da mai amsawa zai samu bai wuce kuɗin mota da ɗan abin taɓawa ba, kuma da gangan aka yi haka. Ƙa'idar bincike ba ta yarda a zuba kuɗin da zai sa talaka ya rufe ido ya karɓi abin da zai cutar da shi ba. Mu 'yan Arewa mun san dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a kan yara kusan 200, yara 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. Tun 2007 Najeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya a ƙarƙashin kwamitin ƙasa na NHREC, kuma manyan cibiyoyi irin su asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba suna da nasu kwamitocin tantancewa. In wani ya zo majalisarku da takardar bincike, ka tambaye shi wane kwamiti ne ya amince, ka ce a karanta maka takardar yarda da Hausa. Kana da ikon fita a duk lokacin da ka so, ba tare da an ci ka tara ba.

Maganar ƙanwarka ta fi taka alamar nasara, kuma a kanta zan ɗan daɗe.

Aikin yana farawa ne bayan Isha. Mai gwajin zai auna kan marar lafiya da tef kamar tela, ya sa alama, ya goge wurin, ya manna wayoyi da wani abu mai danƙo: wasu a fatar kai don ɗaukar tartsatsin ƙwaƙwalwa, biyu a gefen idanu, wasu a haɓa, a ƙirji don bugun zuciya, a ƙwauri don motsin ƙafa. Sai ɗamara a ƙirji da ciki, ɗan bututu a hanci, da wani abu a yatsa mai auna iskar oksijin a jini. Wayoyin sun haura 20, kuma ɗaura su kan ci kusan awa guda. Ni kan ce wa mutanenmu su yi alwala su yi Isha tukuna, a kuma shirya da ma'aikacin ya tashe su da Asuba. Daga nan sai mai gwajin, a ce ƙanwarka ce, ta koma ɗakin kallo ta yi magana ta lasifika: buɗe ido, rufe ido, dubi hagu, dubi dama, cije haƙora, riƙe numfashi. In komai ya fito daidai a allo sai a kashe fitila.

Sauran daren kallo ne. Yawanci mutum biyu ake haɗa wa ma'aikaci ɗaya. Waya ta ɓalle, ta shiga a hankali ta mayar. Wani ya buƙaci bayi, ta cire shi ta sake haɗawa. A Legas ga ƙarin aiki: a ɗauke wuta ƙarfe biyu na dare, in inbata bai karɓa nan take ba an yi asarar wani yankin daren. Bayan gari ya waye kuma akwai karatun abin da aka ɗauka, ana yanka shi daƙiƙa 30-30, kowane yanki a ba shi suna, farke ne, barci mai sauƙi ne, mai zurfi ne, ko matakin mafarki da ido ke rawa a ƙarƙashin fata, wanda Aserinsky da Kleitman suka gano a Chicago a 1953. Barcin awa takwas shafi 960 ke nan, ɗaya bayan ɗaya.

Abin da aka fi nema shi ne ɗaukewar numfashi. Mai munshari yana cikin ja, sai ka ji shiru, maƙogwaro ya toshe, daƙiƙa goma ko fiye babu iska, sannan ya zabura da wani irin gurnani. Ana ƙirga sau nawa hakan ya faru a awa guda: 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, daga 30 zuwa sama ya yi tsanani. Na sha ganin oksijin ɗin mutum yana gangarowa ƙasa da kashi 80 cikin 100, shi kuma da safe ya rantse lafiya lau ya kwana. Irin wannan yana tafiya da hawan jinin da ya ƙi jin magani, da shanyewar ɓarin jiki, da haɗarin mota. Maganin da aka fi amfani da shi na'urar CPAP ce, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sidni ta Ostareliya, ya bayyana ta a 1981. Iska take hurawa ta hanci ta riƙe maƙogwaro a buɗe, kuma mai gwajin ce ke ƙara ƙarfin iskar kaɗan-kaɗan cikin dare har munsharin ya yanke.

Takardar nas ɗinta tushe ne mai kyau. Ta fara karɓar lasisinta, sannan ta nemi zama a sashen da ake gwajin EEG mai ɗaukar tartsatsin ƙwaƙwalwa, wato sashen masu farfaɗiya da cututtukan ƙwaƙwalwa, domin hannun da ya iya manna waya a kai ya yi rabin tafiya. Ta koyi karanta layin bugun zuciya da taimakon gaggawa na farfaɗo da numfashi. Shaidar da aka fi sani a duniya a wannan fanni ita ce RPSGT, ta hukumar BRPT mai tantance masu gwajin barci a Amurka, kuma ba a zama jarrabawar sai an tara sa'o'in aiki a ɗakin gwaji. Guraben kaɗan ne, kada ta ajiye aikin jinya ta zauna jiransu. Sai dai tana da abin da wasu ba su da shi. Hajiya daga Agege ba za ta saki jiki namiji ya manna mata waya a ƙirji ba, kuma direban tanka daga Apapa ko dattijon kasuwar Mile 12 ya fi faɗin gaskiyar abin da ke damunsa in an tambaye shi da Hausa. Ta dai sani aikin dare ne, yana cin jiki, kuma magana ce da ya kamata a yi ta da duk wanda zai aure ta tun kafin a kai lefe.

Dawo kanka, Malam. Wannan barcin minti biyu da kake ɗauka baiwa, mu a wurinmu alama ce. Mutumin da ya ƙoshi da barci yakan ɗauki minti goma zuwa ashirin kafin ya tafi. Muna da gwajin rana inda ake kwantar da mutum sau biyar, awa biyu-biyu tsakani. Wanda matsakaicin lokacinsa bai wuce minti takwas ba, barci ya yi masa yawa fiye da ƙima. A wurinka na fi zargin bashin barci ne jiki ke bin ka: ka kwana a bakin get, ka dawo ɗakin da ake shige da fice, ga zafi ga ƙarar janareto. Ka keɓe awanni a jere bayan ka sauka aiki, ka toshe hasken taga da baƙin ƙyalle, ka daina goro da shayi tun ƙarfe uku na dare. Sannan ka tambayi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ko kana munshari, ko ya taɓa jin numfashinka ya ɗauke. In ya ce e, ka je a auna maka hawan jini, ka gaya wa likitan abin da abokin ɗakin naka ya ji.