Kafin ka cire mikro daga jitar mutane

Ɗana, ka tambaye ni game da jitar lantarkin nan mai araha ta Squier da mai kiɗan biki ya kawo mana daga unguwar Zariya. Ya ce muryarta ta dushe, tana gurnani idan ya ɗaga amfili, na'urar da ke ƙara mata sauti, kuma ba ta zama a saiti. Yana so a cire mikro ukun da ke jikinta, wato 'yan na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi suna ɗaukar sautinsu, a sa masu tsada, a sauya jaki, ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita, da kunnuwan ɗaure tsirkiya, ta yi murya irin ta Fender ta Amurka. Kai kuma kana son ka san da wanne za a fara, kuma ko kuɗin da zai zuba za su haifi ɗa mai ido.

Mikro shi ne abu na ƙarshe da za ka taɓa. Ba ya ƙirƙirar murya da kansa, abin da tsirkiya ta yi shi yake ɗauka ya miƙa wa amfili. Idan tsirkiya ta mutu, ko tana gugar firet, 'yan ƙarafan da aka jera a kan wuya, ko ta maƙale a sama, mikro mai tsada zai ƙara fito da wannan aibin ne fili. Jita irin wannan, ko Yamaha Pacifica, ko Epiphone, icenta da wuyanta galibi ba su da laifi. Inda kamfani ke rage kuɗi shi ne ƙananan kayan da ido ba ya gani: potansiyo da ake juyawa a ƙara ko a rage sauti, maɓallin zaɓen mikro, ramin jak inda ake jona waya, matashin roba da tsirkiya ke hawa a saman wuya, da lokacin da ya kamata ma'aikaci ya zauna ya daidaita ta da hannu. Nan aikinmu yake.

Ɗauko ta ka duba tsirkiyoyin da kyau. Ka ga ta uku da ta biyu sun yi baƙi, kuma idan ka shafa ƙarƙashinsu da yatsa za ka ji kaushi, datti ya maƙale a yatsanka. Wannan gumi ne da ƙura. A zafin Maradi na watan Afrilu da Mayu, mutum yana kiɗa dare bayan dare yana zufa, tsirkiya ba ta daɗewa. Rabin dushewar da yake kuka da ita daga nan take. Sa mata sababbi, masu kaurin inci 0.009 zuwa 0.042 idan da su ya saba, ko 0.010 zuwa 0.046 idan hannunsa na da ƙarfi yana son murya mai cika. Amma ka tambaye shi kafin ka sauya kauri, domin idan kauri ya sauya, jan da ke kan wuya ya sauya, dole a sake saitin komai.

Daga nan sai wuya. Ice yana shan danshi da damina, ya bushe ya tsuke da hunturu, shi ya sa jitar da aka daidaita a watan Agusta za ta dawo maka a Janairu tana zuzu, bakin firet kuma ya fito yana yankar hannu. Danne tsirkiya ta shida, mafi kauri, a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka leƙa tsakaninta da firet na 8. Ratar da ake so ba ta wuce milimita 0.25 ba, kaurin 'yar siririyar kati. In ta yi yawa, ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya, in babu rata sam, sassauta ta. Kwata ɗaya na juyi kawai, sannan ka bar ta ta zauna ka sake aunawa. Kada ka taɓa yi mata ƙarfi. Sandar nan idan ta karye ko bakinta ya cinye, gyaranta ya fi duk abin da mai jitar ya zo nema tsada. Bayan wuya ya zauna, ka daidaita tsayin tsirkiya a jaki, wajen milimita 1.6 zuwa 2 a firet na 12. Sai ka gwada kowace tsirkiya a sake, ka gwada ta a firet na 12 da na'urar saiti. In ta yi sama a na 12, ja sirdinta, ɗan ƙarfen da take hawa a kan jaki, baya, in ta yi ƙasa, matso da shi gaba.

Zancen rashin zama a saiti kuwa, mutane kunnuwa suke zargi, kuma sau da yawa ba su da laifi. Juya kunnen tsirkiya ta uku a hankali ka kasa kunne wajen saman wuya. In ka ji ta yi "ting" ta zabura, to ramin matashin ne ya riƙe ta. Ramin ya yi ƙunci ko kaushi, tsirkiya ba ta zamewa, sai mai kiɗa ya ja ta da yatsa ta ƙi komawa inda take. Goge ramin da 'yar zarto daidai kaurin tsirkiyar, ka goga bakin fensir a ciki. Idan robar ta cinye har tsirkiya ta nutse, sai mu yi sabon matashi na ƙashi. Wannan ba sai an aika Kano ko Yamai ba. Ƙashin ƙafar sa daga mahauta, a dafa shi sosai a fitar da maiƙo, a shanya a inuwa har ya bushe ƙarau, a yanka a goge. Maiƙo idan ya rage a ciki, gam ba zai kama ba, kuma zai ɓata icen wuya. Ina son aikin ƙashi, domin shi ne wurin da hannun mai sana'a ke nunawa, amma ka gaya wa mai jita gaskiya: muryar matashi ana jin ta ne a tsirkiyar da aka kaɗa a sake. Da zarar ya danne firet, firet ɗin ne ke riƙe da tsirkiya. Babban amfaninsa zaman saiti ne. Kunnuwa kuma ba a sauya su sai haƙoransu sun cinye suna sulɓewa, kuma a auna ramin tukuna, domin wasu milimita 10 ne, wasu irin na da sun fi haka ƙanƙanta.

Akwai gyaran da ba ya cin ko dala, kuma yana sauya murya fiye da yadda kake zato: tsayin mikro. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe ka auna daga kan maganaɗisun zuwa ƙarƙashin tsirkiya. Fara da milimita 2.4 a gefen masu kauri, 2 a gefen sirara. In mikro ya yi nisa, murya ta yi rauni. In ya matso da yawa, maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiya, amo ya mutu da wuri, ka ji wata rawa a cikin sautin kamar saiti ya ɓaci. Jona ta da amfili, turnabis a hannu, ka juya rabi ka saurara, ka sake juyawa ka saurara, har mikro ukun su yi ƙarfi daidai da juna.

Yanzu gurnanin. Mikro mai naɗi ɗaya, irin wanda jitar Stratocaster ta Fender ke ɗauke da shi tun fitowarta a 1954, waya ce siririya da aka naɗa sau wajen dubu takwas a kan maganaɗisu. Yadda take ɗaukar motsin tsirkiya, haka take ɗaukar kuran da ke yawo a ɗaki. Kuran namu bolt 220 ne, yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wannan gunjin mai kauri shi kake ji. Ka rarrabe iri biyu. Sa maɓallin zaɓe a matsayi na 2 ko na 4, inda mikro na tsakiya ke aiki tare da ɗaya daga cikin sauran. A jitoci da yawa an naɗa mikro na tsakiya a juye, maganaɗisunsa ma a juye, don haka gunjin zai ragu ƙwarai a nan. In haka ne, ɗabi'ar mikro ce, ba lalacewa ba. Amma in zuzu ne siriri da ke raguwa da ka taɓa tsirkiya, to rashin rufi ne. Cire farantin gaba, ka shimfiɗa tef na jan ƙarfe a cikin ramukan da bayan farantin, kowane yanki yana taɓa ɗan'uwansa, a haɗa shi da mas, wato wayar ƙasa ta jitar. Gwada da mita daga wannan kusurwa zuwa waccan, dole ta nuna kuran yana wucewa. Rufin da ba a haɗa da mas ba aikin banza ne. In kuwa ka taɓa tsirkiya ba abin da ya sauya, duba wayar mas da ke zuwa ƙugiyar da ke riƙe sifirin jaki a bayan jita, ta yiwu dalmarta ta saki.

A nan ina so ka tsaya ka ji ni da kyau, domin wannan ya wuce zancen murya. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfili ta wayar mas. A wurin biki, inda aka ja waya daga gurup ko daga gidan maƙwabta ba tare da wayar ƙasa ba, amfili mai laifi zai iya tura kuran har hannun mai kiɗa, musamman in ya riƙe jita leɓensa ya taɓa abin magana. In ya ce maka jitar tana ɗan cizonsa, kada ka ce masa ya saba. Ya kawo amfilin a duba kafin ya sake hawa fage.

Bayan rufi sai potansiyo. Juya na bolim ka ji ƙarar da yake yi kamar ana taka yashi, ƙurar hunturu ce ta shige. Feshin wanke kayan lantarki yakan isa. In bai isa ba a sauya, kuma a kula da lamba: 250k, wato om dubu 250, ga mikro mai naɗi ɗaya, 500k ga mai naɗi biyu. Lamba babba tana barin sautin sama ya wuce da yawa. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a bayansa, auna shi, domin masu araha sukan kauce da kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa, wanda aka rubuta wa 250 ka same shi 200, jita ta yi duhu ba a san dalili ba. Kondansate na ton, ɗan abin da ke manne da potansiyon rage kaifin sauti, 0.022 ko 0.047, lambarsa ce ke aiki, ba launinsa ko tsadarsa ba, kada wani ya sayar maka da labari. Idan mai jita yana yawan rage bolim yana kuka da cewa sauti na dushewa, ɗan kondansate na 0.001 tsakanin ƙafar shiga da ta tsakiya na potansiyon bolim zai taimaka. Ka kuma lura, jitocin da ake yi a Sin da Indonesiya ramin potansiyonsu wajen milimita 8 ne, na Amurka kuwa wajen 9.5, kuma hulunan juyawar ba sa shiga juna. Ramin jak da maɓallin zaɓe, in suna yankewa, a sauya su ba gardama, kuɗinsu kaɗan ne. Wayar da yake jonawa ma ka duba, doguwar waya mai araha tana shanye sautin sama kafin ya kai amfili.

In an gama duk wannan, ka ba shi jitarsa ya je ya yi bukukuwa da ita. In ya dawo yana iya faɗin abin da ya rasa da bakinsa, a lokacin za a yi zancen mikro. "Ina son mai kyau" ba amsa ba ce. Ya ce na kusa da jaki yana tsaga kunne, ko na kusa da wuya ya yi lumtsi, to wannan magana ce, sai a sauya wannan guda ɗaya. Jitoci masu araha da yawa suna zuwa da maganaɗisun siramik manne a ƙasan mikro, masu ƙarfi da kaifi. Na alniko sun fi taushi da buɗewa. Mikro irin na Stratocaster yakan auna wajen 6k a mita, wanda aka ƙara wa naɗi ya fi ƙara amma sautin samansa na raguwa. Mai kiɗan da ke tsakanin kalangu da ganguna da muryar mawaƙi yana bukatar kowane bugu ya fito tas, don haka ni ba na ba shi shawarar mai naɗi da yawa. Dubi masu jitar Agadez, da yawansu da mikro mai naɗi ɗaya suke kiɗa a fili, ana kuma jin su sarai. In gurnani ne ya dame shi har yanzu, akwai mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957. Naɗin biyu suna soke gunjin juna, amma muryar ta fi kauri, ba za ta yi irin ta Fender da yake nema ba. Leƙa ƙarƙashin farantin ka ga ko ramin zai ɗauke shi, in ba haka ba akwai masu naɗi biyu da aka yi da girman ƙarami. In ka haɗa mikro na kamfanoni biyu ka ji sauti ya koma siriri a matsayi na 2 ko na 4, sun saɓa wa juna ne, sai a juya wayoyin guda. Kuma ka yi hattara da abin da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa ko daga Kwatano ɗauke da sunan kamfanonin mikro irin su Seymour Duncan ko DiMarzio a farashin da bai kai rabin na gaskiya ba, jabu ya yi yawa a wannan kasuwa.

Jaki ba zan tsawaita a kansa ba. Sauya guntun ƙarfen da ke ƙarƙashinsa daga tutiya zuwa baƙin ƙarfe yana ɗan sauya amo, amma cikin hayaniyar biki ba kowa zai ji ba. In bai amfani da sandar girgizawa, ɗaure sifirin jaki ya kwanta a jiki, saiti ya zauna. In dole sai an sauya, auna tazarar kusoshi shida, wasu wajen milimita 52, wasu 56, ba sa hawa ramin juna.

Ka gaya masa tun kafin ya biya cewa kuɗin da ya zuba a kayan ƙari ba sa dawowa ranar sayarwa, mai saye sunan da ke kan jitar zai duba. Duk abin da ka cire, ka sa a leda ka rubuta sunansa ka miƙa masa. Ka kira shi yau ka ce ya zo da amfilinsa da wayarsa gobe, mu ji jitar ta cikin namu mu ji ta cikin nasa, domin lasifikar da takardarta ta tsage ma tana dusar da murya haka. Bayan mun ji ta, ka cire tsoffin tsirkiyoyin, ka goge wuya da firet, ka auna potansiyo ukun ka rubuta mini lambobinsu.