Tambaya da Amsa: Suwic ɗina ba ya amsawa daga nesa

Tambaya: Malam, ina kula da suwic na Cisco mai kafa 24. Na ba shi adireshin IP, kwamfutocin da ke netwok ɗaya da shi suna samun sa, amma daga wani netwok ɗin shiru kake ji. Kuma da an ɗauke wuta sai saitin ya ɓace. Ina gizo ke saƙa?

Amsa: Ɓacewar saiti ita ce mai sauƙi. Abin da ka rubuta a RAM, ma'adanar wucin gadi ta suwic ɗin, yake zaune, wuta na tafiya ya bi ta. Idan ka kammala gyara, rubuta copy running-config startup-config.

Shirun kuwa, saƙonka yana isa, suwic ɗin ne bai san ta inda zai mayar da amsa ba. Nuna masa rauta, na'urar da ke haɗa netwok da netwok: ip default-gateway 192.168.10.1, ko dai adireshin taka rautar.

Kada ka shiga da Telnet, tsohuwar hanyar shiga daga nesa, domin a fili yake aika kalmar sirri. Kunna SSH, mai ɓoye abin da kake aikawa: sa hostname da ip domain-name, sai crypto key generate rsa, ka zaɓi 2048. Ƙirƙiri username mai secret, sannan a ƙarƙashin line vty 0 15 ka sa login local da transport input ssh. In ba hostname da ip domain-name, makullin RSA ba zai fito ba. Kafar TCP 22 kuma, wadda SSH ke amfani da ita, kada ka buɗe wa intanet ita, ka bi ta VPN, wato keɓantacciyar hanya mai tsaro.

Ga wanda ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi cin mutane. Mai gyara daga nesa yana zaune ne a kan reshen da yake sara. Ka rubuta switchport trunk allowed vlan 30 da niyyar ƙara VLAN (ɓangaren netwok da aka ware a cikin suwic) ɗaya, ka manta kalmar add kafin lambar, sai ya share sauran duka, har da wanda ka shigo ta kansa. Allon ya daskare, babu ko saƙon kuskure.

Don haka kafin ka taɓa komai, adana saitin da ke aiki, ka rubuta reload in 10. In ka kulle kanka, bayan minti 10 zai sake tashi da tsohon saitin. Masu aiki za su rasa netwok na ɗan lokaci, shi ya sa irin wannan gyara sai bayan an tashi aiki. In komai lafiya, reload cancel, sannan ka adana. Idan ka adana tun ba ka gwada ba, dabarar ta mutu, sai an je wurin da kebul ɗin konsol mai haɗa kwamfuta da suwic kai tsaye, a buɗe manhajar PuTTY a gudun 9600.