Hare-haren 'Yan Bindiga Hukuncin da Annabawa Suka Faɗa Ne?

Tambaya: Baba Fasto, ƙanen maigidana da iyalinsa sun gudo daga Sabon Birni, suna wurinmu a Mabera. An turo mini saƙon murya a WhatsApp, wani mai kiran kansa annabi yana cewa abin da ke faruwa a gabashin Sakkwato hukuncin da Ishaya ya faɗa ne a kan masu girman kai. Tun ranar ba na iya barci. Allah ne ya juya mana baya?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, ki goge saƙon nan. Kusan kullum sai an kawo mini irinsa, kuma na gaji da masu tsinko aya ɗaya su jefi mutanen da ke cikin makoki da ita.

Ishaya sura 2 ta ce ranar Ubangiji za ta ƙasƙantar da masu fariya. To, su wa ke nan? Masu dogayen hasumiyoyi da ganuwa da jiragen ruwan fatauci, waɗanda suka tara azurfa da dawakai. Nineba ta faɗi a 612 kafin haihuwar Almasihu, Babila a 539, dauloli ne da suka taka raunana. Manomin da aka kora daga gonar geronsa, wace hasumiya ya gina?

Da mai saƙon nan ya karanta littafin Annabi Obadiya, da ya kama bakinsa. Laifin Idom, ƙasar da ke maƙwabtaka da Yahuza, shi ne ta tsaya tana murna ranar da masifa ta auka wa Urushalima, har ta tare hanyar masu gudu. Duk mai kallon 'yan gudun hijira yana cewa alhaki ne ya kama su, sahun Idom yake bi. Annabi Amos ma ya lissafa Dimashƙu da Gaza da Taya cikin waɗanda za a hukunta, jama'arsa na jin daɗi, sai ya juyo kan Isra'ila saboda sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi. A Luka 13 kuwa, Yesu ya ce mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo musu ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

Waccan sura ta 2 ta Ishaya dai ita ce ta yi alkawarin ranar da za a ƙera takobi ya zama garma, mashi ya zama lauje. Wannan ayar masu saƙon murya ba sa turowa. Ki buɗe ta yau da dare ki karanta wa baƙinki, bayan sun ci tuwo.