Me ya sa ake fara da falsafa kafin tauhidi a seminari?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa mai neman zama fada, wato limamin Cocin Katolika, zai ɓata shekaru yana karatun falsafa, alhali aikinsa na Allah ne. Ba ɓata lokaci ba ne ko kaɗan. Dokar Cocin Katolika ta wajabta aƙalla shekara 6: 2 na falsafa, 4 na tauhidi. A seminari, wato makarantar horar da masu neman zama fada, irin ta St. Augustine da ke Jos, ɗalibi kan fara goge hankalinsa da ilimin manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja, ya san manyan masana falsafa irin su Aristotil da Toma Akwinas, sannan ya shiga Littafi Mai Tsarki, tarihin Coci da dokokinta. Ka tuna, gobe mai shakka zai tare shi da tambaya kan mugunta ko mutuwa. Wanda bai koyi kafa hujja ba, da me zai amsa masa?