'Yan sandan Kano suna zuwa idan an kira su? Ga abin da na gani a unguwarmu

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce aiki zai dawo da kai Kano da iyalinka bayan Sallah, kana son sanin gaskiyar 'yan sandan garin: idan abu ya faru cikin dare aka kira su, suna zuwa? Idan aka kai ƙara, ana bin ta ko shiru ke nan? Na ga amsoshin da aka ba ka, wani ya ce ba sa tsinana komai, wani ya ce suna iya ƙoƙarinsu. Ni zan ɗan tsawaita, domin shekara tara ke nan ina riƙe da littafin kwamitin tsaro na unguwarmu, kuma a wannan tsakani DPO, wato shugaban caji ofis, biyar na gani sun zo sun tafi.

Suna zuwa, amma sun fi saurin zuwa inda suka san mai kiran. Wannan shi ne abin da na tabbatar, kuma ban ji daɗin tabbatar da shi ba.

Kafin mu kafa kwamiti, ɓarayi sun haura gidan wani maƙwabcina, tela ne, wajen ƙarfe biyu na dare. Matarsa ce ta bugo mini daga cikin banɗaki tana magana ƙasa-ƙasa, ina jiyo kukan yaro ana toshe masa baki. Na kira lambar da na taɓa kwafa a bangon caji ofis, sau uku ba a ɗauka ba. A na huɗu wani ya ɗauka da muryar barci, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce babu mota a ƙasa, ta fita sintiri, amma zai sanar. Sai bayan an idar da sallar asuba mutum biyu suka iso a kan babur ɗaya. An riga an kwashe kawunan keken ɗinki uku da janareto da wayoyi, an sari telan a kafaɗa. Suka duba katanga, suka yi 'yan tambayoyi, suka ce mu biyo su ofis mu rubuta bayani. Har yau ba a ga ko allura ba.

Na daɗe ina jin haushin wannan dare. Sai da na fara shiga ofishin a kai a kai na gane cewa mutumin nan bai yi mini ƙarya ba. Mota ɗaya ce mai tashi, ɗayar tana kan duwatsu a tsakar gida ba taya. Unguwannin da ke ƙarƙashin ofishin kuwa, ko a babur sai ka wuni ba ka zagaye su ba. Wani DPO ya taɓa buɗe mini littafin aikin dare, na ƙirga mutanen da ke kansa, ba su cika yatsun hannu biyu ba, a ciki har da mai tsaron kanta da mai gadin ƙofa. Ƙasar gaba ɗaya, adadin da aka saba ambata na 'yan sanda bai wuce kusan 370,000 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma wani kaso mai yawa yana bayan manyan mutane yana riƙe musu ƙofar mota. Jihar Kano kaɗai an ƙirga mutum miliyan 9.4 tun a ƙidayar 2006. Ka duba yadda Kumbotso da Ungogo suka cika suka batse daga lokacin zuwa yanzu, ka ga ko ofisoshin sun ƙaru daidai da gidajen.

Bayan abin da ya sami telan nan ne muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Muka yanke kowane gida zai riƙa ba da wani abu duk wata, muka ɗauki 'yan sintiri shida daga cikin yaran unguwa waɗanda aka san iyayensu, muka saya musu tocila da usur da rigar ruwa. Abu mafi amfani da muka yi shi ne wannan: duk sabon DPO da aka kawo, a satin farko muna zuwa gaishe shi da mai unguwa da liman, mu karɓi lambarsa ta hannu da ta jagoran masu sintirin dare, mu ba su tamu. Wata Sallah 'yan daba suka biyo ta layinmu su fi ashirin, da gariyo da ɗanbida, suna sarar ƙofofin shaguna. Na kira jagoran sintiri kai tsaye, ya ce "Sakatare, ta wane ɓangare suka shigo?" Ko minti goma sha biyar ba a yi ba mota ta tsaya a bakin layi. An kama huɗu a daren.

Motar dai ita ce, mutanen su ne. Abin da ya canza shi ne sun san sunana, sun san idan sun zo ba tarko ba ne, sun kuma san a ƙarshen wata kwamiti zai taimaka da kuɗin mai. Ba na ɓoye wannan, kuma ba na alfahari da shi. Talakan da ke biyan haraji bai kamata ya sake zuba wa motar hukuma mai ba kafin a cece shi. Unguwar da ke bayanmu, yawancinsu 'yan haya ne masu fita da safe su dawo da dare, ba su da kwamiti, kuma ina ganin yadda ake barin su a baya.

Sai maganar ƙananan ƙararraki, inda nan ne mutane suka fi yanke ƙauna. Ɗan yayata an yi masa ƙwacen waya a cikin adaidaita sahu, aka yanke shi a damtse. Na raka shi ofis da bandeji a hannu. Sajan ɗin da ke kanta ya karɓe mu da mutunci, ya ba shi kujera, amma takardar rubuta bayani sai da na aika aka sayo a shagon da ke kallon ofishin. Mai binciken ya ce ana iya bin sawun wayar, sai dai akwai kuɗin tirakin, kuma da ya faɗi adadin ya kusa rabin kuɗin wayar. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, mu bar wa Allah." Haka dubban mutane suke yi, shi ya sa ɓarawon waya ya san da wuya a biyo shi. Duk da haka ina ba ka shawara ka riƙa kai rahoto, ka kuma adana kwalin wayarka mai ɗauke da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar. Akan yi kame a gano wayoyi da yawa lokaci guda, wanda yake da rahoto da kwali shi ake miƙa wa tasa.

A manyan al'amura kuwa, ba zan tauye musu haƙƙi ba. A watan Oktoba na 2019 rundunar Kano ce ta gano yaran nan tara da aka sace daga unguwannin Kano aka kai Onitsha ta Jihar Anambra aka sayar, bayan iyayensu sun shafe shekaru suna nema. Jagoran masu satar ya sami hukuncin ɗaurin shekara 104 a 2021. A farkon 2019 ɗin ne kuma aka kawo Kwamishina Muhammad Wakili, mai cewa "maza ƙwaya, mata ƙwaya". Watanni kaɗan ya yi ya yi ritaya, amma duk wanda yake Kano a lokacin ya ga yadda dillalan ƙwaya suka shiga taitayinsu. A 2023 Kwamishina Usaini Gumel ya kira 'yan daba da sunayensu su ajiye makami, da dama suka amsa. Kuma kada mu manta da ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, da Boko Haram ta kai hari hedikwatar Bompai da ofishin shiyya ta ɗaya da wasu ofisoshi, aka rasa rayuka aƙalla 185, cikinsu da 'yan sanda masu yawa. Shingaye da buhunan yashin da za ka gani a ƙofar wasu ofisoshi daga nan suka samo asali. Na san matar wani kofur da ya rasu ranar, ta sha wahala ƙwarai kafin haƙƙinsa ya fito.

To me ya sa aiki yake kyau a hannun wannan kwamishina, ya lafa a hannun wancan? A ganina domin ba mu ne suke jin tsoro ba. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan, ta tarayya. Daga Abuja ake turo kwamishina, daga can ake ɗauke shi, wani lokaci kafin ya gama sanin ƙofofin gari. Gwamna kan sayi motoci ya ba su, amma ba shi da iko na ƙarshe a kansu. Kowa ya ga haka a rikicin masarauta na watan Mayun 2024, da gwamna ya ba da umarni rundunar ta ce ita umarnin kotu za ta bi. DPO kuwa idonsa yana sama, wajen wanda zai iya canza masa wurin aiki. Mai unguwa ba ya cikin masu rubuta masa rahoto. Kakana yakan ba mu labarin 'yan doka na zamanin En'e, kafin a haɗe su da 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Yakan ce ɗan doka ya san kowane gida da ɗan kowa, ɓarawo ba ya kwana biyu, amma kuma da su aka riƙa dukan 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU. Shi ya sa idan ana muhawarar 'yan sandan jiha nake goyon baya da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina riƙe da wannan labari.

Abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne kame da beli, musamman idan kana da samari a gida. Akan yi samame da dare a kwashi duk wanda aka gani a bakin titi. An taɓa haɗawa da ɗan wata bazawara a layinmu, an aike shi sayen maganin sauro. Da safe na same ta a ƙofar ofis da 'yar jakarta, ta riga ta ranto kuɗi. A bango kuwa ga rubutu ɓaro-ɓaro cewa beli kyauta ne. Na ce ta mayar da kuɗin jaka, muka jira DPO ya iso, mai unguwa ya tsaya wa yaron, aka sake shi ba a karɓi ko sisi ba. Da ita kaɗai ce da ta biya, domin ba ta san tana da hurumin ƙi ba. Ka riƙe waɗannan: tsarin mulki a sashe na 35 ya ce a kai wanda aka tsare kotu cikin awa 24 idan akwai kotu a kusa, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Ka faɗe su cikin ladabi, ba da ɗaga murya ba, kuma ga DPO za ka faɗa, kada ka tsaya jayayya a kanta. Idan abin ya fi ƙarfin nan, akwai ofishin kakakin runduna a Bompai. Abdullahi Haruna Kiyawa, wanda na sani a matsayin kakakin, ya daɗe yana sanya lambobin kiran gaggawa a shafinsa na Facebook, kuma na ga koke-koken da aka duba bayan sun isa can.

Ba kowace matsala ake kai wa caji ofis ba. Rikicin aure da na maƙwabta Hisba da mai unguwa sun fi saurin kashe shi, na titi kuma yawanci da 'yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, za ka haɗu.

Idan ka tashi neman gida, kafin ka tambayi ruwa da wuta ka tambayi maƙwabta ko akwai 'yan sintiri, da wanda yake karɓar kuɗinsu. Ranar da ka tare ka je ka gaida mai unguwa, ka sa sunanka a littafi, ka karɓi lambar DPO da ta jagoran sintiri ka sa a wayarka da ta maiɗakinka. Ka faɗa mini ɓangaren garin da kake tunanin zama, ina da abokai a kwamitocin Gwale da Tarauni da Nassarawa, zan tambayar maka yadda dare yake a can. Allah Ya kawo ku lafiya.